Ragon 'Yar Mudu

Zafin bana bai yi sallama ba. Tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa, kaji su buɗe baki su kwanta a gindin randa. Ina zaune a ƙofar ɗakina da mafici a hannu, sai iska ta kwaso min warin kauɗa, tumatirin nan da ake yayyankawa a shanya, wari mai tsami-tsami da zaƙi-zaƙi. A daidai lokacin kuma ragon da ke ɗaure a gindin dalbejiya ya yi kuka. Da warin nan da kukan nan suka haɗu, sai na ga kaina a wata bazara can baya, bazarar da aka haifi jikata Amina, wadda garin nan kaf ba wanda ya san ta da wannan suna sai 'Yar Mudu.

Ku gyara zama. Ba tatsuniya ba ce, babu dodo a ciki, babu aljani. Akwai dai rago.

Zamanin ne da wayar hannu ta fara shigowa. In kana son kiran wani, sai ka hau acaɓa ka je Kura wajen masu lema, masu wayar haya. Shekarar nan ruwan dam ɗin Tiga ya zo mana yadda ake so. Kanal cike taf, maza suna ban ruwa da tiyo tun da sanyin safiya, alkama ta yi kyau, tumatir kuwa ya yi abin da ban taɓa gani ba. Daga nan har Bunkure, duk inda ka waiwaya ja ne. To, yawan nan shi ya kashe kasuwa. A kai kwanduna kasuwar Kwanar Gafan, motocin Kudu su cika su tafi, saura ya wuni a rana ya farfashe. Mai gidana Malam, Allah ya jiƙansa, ya dawo da kwandunansa yadda ya kai su. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Tabawa, a wasa wuƙaƙe."

Sai yanka. Mu tsofaffi a bakin gona, matan aure a cikin gida. A raba tumatir biyu, a baza, a juya, a kwashe. Hannuwanmu suka jiƙe suka yi yaushi, ruwansa yana cin gefen farce kamar barkono. Ƙudaje kuwa sun yi sallarsu. Gida cike da abu ja, tukunya babu nama. Tuwo da miyar kuka da safe, shinkafa da ruwan tumatir da yamma. Ba mu kwana da yunwa ba, alhamdu lillahi, amma ciki ne kawai yake cika.

Rabi, matar ɗana Habu, marainiya ce, uwarta ta rasu tun tana goye. Cikinta na fari ne, yana wata bakwai. Yarinya ce marar surutu, in ta zauna yanka sai ta cika tabarma ba ka ji muryarta ba. Wata rana da azahar na shigo shan ruwa, na ga wuƙa ta tsaya a hannunta.

Ta ce, "Iya, bayana."

Na ce, "Haba 'yar nan, ai lokaci bai yi ba."

Ta ce, "Ni na sani, Iya. Shi ne bai sani ba."

A bayan a-kori-kurar tumatir muka tafi, tsakanin kwanduna. Ƙaramin asibitin da ke kusa da mu suka duba ta suka ce mu wuce birni. Can ta sauka. Da aka nuna min abin da ta haifa, sai na tuna ɗan tsakon da aka fasa wa ƙwai. Fata kamar ta albasa, kana ganin jijiyoyi, yatsu kamar tsinken tsintsiya. Aka saka ta a kwalba, akwatin gilashin nan mai ɗumi da suke sa bakwaini. Washegari Malam ya zo, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya ce, "Wannan ai a mudu za a auno ta, kuma ba za ta cika ba." Wata nas ta yi dariya. Sunan ke nan da ya bi ta har yau.

Ba a jima ba shawara ta kama ta. Ido ya yi ɗorawa, jiki ya yi ɗorawa. Suka rufe mata ido da ƙyalle, suka kunna mata wata fitila mai shuɗin haske, ta kwanta a ƙarƙashinta kwana da kwanaki. Rabi ta tatse nono a kofi, su ɗura mata ta siririyar roba. Ranar bakwai Habu ya raɗa mata suna a kunne ta ƙofar kwalba, a gida kuma liman ya yi addu'a da goro da dabino. Rago dai yana nan, Habu ya saye shi tun cikin yana ƙarami, yana kiwonsa. Malam ya ce a bar shi sai mai jego ta dawo. Kowa ya ga daidai ne.

Shawara ta tafi, aka sallame mu. Muka dawo muka tarar da bazara ta zauna da gindinta. An rufe kanal don yasa, ƙasansa ya tsattsage, yara suna tsintar kifi a caɓi. Alayyafo da latas da ke bakin ruwa suka ƙone a tsaye. Rijiya ta yi nisa, sai an ƙara igiya. Sama fari fat, ko ɗigon girgije babu.

Tun da Rabi ba ta da uwa, wankan jego a kaina ya faɗo, kuma na yi shi da zuciya ɗaya. Kafin rana ta fito na hura wuta da karan masara, na ɗora babbar tukunya. Ruwa ya tafasa, in tsoma ganyen dalbejiya in fyaɗa mata. Da ta fito, ga kunun kanwa a ƙwarya yana tururi. Da yamma haka. Haka aka yi min, haka aka yi wa uwata. Kanwa a kunu, kanwa a miya, kanwa a wake don ya yi saurin nuna. Jaririya kuwa muka naɗe ta da auduga, Rabi ta ɗaure ta a ƙirji, fata da fata, yadda suka koya mata a asibiti.

Na ce wa Malam, "To, ga mai jego ta dawo. Yaushe za a kira mahauci?"

Ya ce, "Sai yarinya ta yi ƙwari."

Ban ja ba, don na san inda maganar ta fito. Shekarun baya an haifa mana jika namiji a ɗakin yayan Habu. Malam ya yi taro na gani na faɗa, aka yanka rago, aka ci aka sha. Naman bai ƙare a tukunya ba mutanen nan suka dawo gaisuwar rasuwar yaron, suka zauna a tabarmin da ba a gama naɗewa ba. Tun daga ranar abin bai bar ransa ba. Ya ce min, "Tabawa, ba zan sake tara mutane sau biyu ba."

Saboda haka rago ya ci gaba da zama. Harawar wake da Habu ya jibge a kan rumfa, tasa ce. Dusa, tasa ce. Ruɓaɓɓen tumatir, nasa ne. Ya yi ƙiba har wuya ya naɗe, yaran unguwa suka sa masa suna Alhaji. Maƙwabta in sun wuce su ce, "Malam, ragon nan layya yake jira ko aure za ka yi masa?" Malam ya yi murmushi kawai, ya ƙara masa harawa.

Rago yana hawa, mai rago tana sauka.

Da fari jaririyar ta kama nono da kyau. Sannu a hankali ta fara kamawa tana saki. Na buɗe bakinta na duba. Gefen bakin nan biyu ya tsage, leɓe ya yi ja, harshe ya yi sumul, ja wur kamar cikin tumatir. Gefen hancinta yana saɓa. In an fito da ita haske sai ta runtse ido ta murɗe. Tafin hannu fari. Kukanta kuwa, sai ka kasa kunne, kamar na 'yar kyanwa a bayan rumbu. Na dubi Rabi, ita ma gefen bakinta ya dare, ko yaji ba ta iya kaiwa baki. Matan unguwa suka ce zafi ne. Muka shafa man kaɗanya. Muka ƙara kunu don nono ya kawo. Arba'in ta kusa, yarinya ba ta ƙaru da komai ba.

Ranar awo muka ɗauke ta zuwa ƙaramin asibitin nan. Akwai wata ma'aikaciya 'yar Dawakin Kudu, kowa Sista yake ce mata, mace mai jiki da murya, tana faɗa tana dariya. Ta ɗora yarinya a sikeli. Ta duba bakinta. Ta kama haɓar Rabi ta juya ta wajen taga.

"Ke ma? Me kike ci?"

Rabi ta sunkuyar da kai. Ni na amsa, da alfahari ma: "Kunun kanwa safe da yamma, ba fashi. Ga tuwo, ga shinkafa. Tumatir kuwa har ta gaji."

"An sa wa yarinyar nan fitila a birni?"

"An sa."

Ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Iya, ki saurare ni. Ɗa a ciki, a watannin ƙarshe yake haɗa guzurinsa. Wannan ta fito ba ta gama ɗaure kaya ba. Fitilar nan ita ta ceci ranta daga shawara, amma akwai wani bitamin da haske yake cinyewa, ɗan abin da ta zo da shi ya tafi." Ta faɗi sunansa, ribofilabin, har yau sai an taya ni nake iya faɗa. "To, ba ta da inda za ta samo shi sai a nonon uwa. Uwar kuwa, ga bakinta nan kina gani. Tumatir yana da nasa amfanin, amma ba shi ne mai wannan ba. Kuma abin nan maƙiyansa biyu ne, haske da kanwa. Ɗan wanda ke cikin abinci, kanwa ta kashe shi tun a tukunya."

Na ce, "Yanzu mai jego ce ba za ta sha kunun kanwa ba? A ina aka taɓa yi?"

Ta ce, "Iya, ban ce ki daina son surukarki ba. Dama mata na gyaɗa, ki zuba nono. Ki ba ta zogale ba kanwa. Ki ba ta ƙwai. Ki ba ta hanta da ƙoda. Wai ma tsaya, ina naman suna?"

"Ragon yana nan."

"Yana nan ina?"

"Yana cin harawa."

Matar nan ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Sannan ta daina. Ta ba mu wata 'yar kwalba mai duhu, maganin ɗigawa a bakin jaririya, ta ce a ɓoye ta inda rana ba ta gani. Ta ba Rabi ƙwayoyi. Ta ce, "Magani zai yi nasa. Amma kwalba ƙarewa take yi, nono ne abincinta na kullum. In ba a gyara uwa ba, nan za ku dawo, kuma ban san yadda za ku dawo ba."

Maganar nan ta bi ni har gida.

Bayan la'asar Malam yana zaune a kan buzunsa a inuwar zaure, yana gyaran igiyar guga. Na karɓi yarinya daga ƙirjin uwarta, na je na durƙusa. Na ajiye ta a tafin hannunsa. Bai taɓa ɗaukarta ba sai ranar. Tsoro yake ji.

Na ce, "Malam, dubi bakinta."

Ya duba.

Na ce, "Yanzu dubi wancan." Alhaji yana can yana tuƙa, kitse yana rawa.

Ya ce, "Na faɗa miki, sai ta yi ƙwari."

Na ce, "Kai kana jira ta yi ƙwari ka yanka. Ita kuma tana jira ka yanka ta yi ƙwari. In kowa ya ci gaba da jira, rago ne kaɗai zai ga damina. Likita ta ce hanta za a ba uwarta. Hantar garin nan da muke da iko da ita, ga ta can a ɗaure."

Ya ce, "In na tara mutane kuma..." Bai ƙarasa ba.

Na ce, "Rai na Allah ne. Amma ragon nata ne, Malam, ba naka ba. Da sunanta aka saye shi."

Sai yarinyar nan ta miƙa ɗan hannunta ta damƙe masa babban yatsa. Yatsunta duka ba su zagaye shi ba. Ya yi ƙoƙarin zarewa a hankali, ta ƙi saki. Ya daɗe yana kallonta. Can ya ce, "Ji min mai bin bashi, ta kama ni." Ya miƙo min ita, ya juya fuska wajen bango, ya ci gaba da igiyarsa.

Da gari ya waye, ina hura wutar wanka, sai na ji ƙarar wuƙa a kan dutse. Shu, shu, shu. Na leƙa. Malam ne da kansa. Ya ɗaga murya ya ce, "Habu! Je ka faɗa wa liman, ka faɗa wa kowa. A zo a ci ragon Amina."

Wayyo, ranar nan! Garin da ya yi wata da watanni bai ga maiƙo ba. Mata suka shigo da guɗa, yara suna tsalle suna cewa an yanka Alhaji. Ni kuwa na kafa kujera a gaban mahauci kamar mai gadi. Da ya ciro hanta na ce, "Nan!" Ƙoda, "Nan!" Zuciya, "Nan!" Ya ce, "Iya, ko ɗanɗano ba za a bar wa mai aiki ba?" Na ce, "In ka haihu a ba ka." Na gasa hantar sama-sama na kai wa Rabi bayan ƙofa. Gishiri yana shiga tsagar bakinta, tana hawaye tana dariya tana ci. Sauran naman na soya shi ƙarau, na zuba a tukunya na rufe da mansa, kullum in ɗebo mata.

Harawa kuwa ta rage jibgi guda ba mai ci. Akwai wata Bafulatana, Adama, da suka daɗe zaune a bayan kanal. Shanunsu sun rame, nono ya ja baya. Malam ya sa Habu ya kwashe harawar da dusar ya kai mata. Ta ware saniya guda tana ba ta. Ba a daɗe ba ta fara zuwa kowace safiya da ƙwaryar kindirmo a rufe da faifai, tana cewa, "Ina 'yar tawa? Ga rabon Alhaji na kawo." Ka ga ragon nan sau biyu ya ciyar da mai jego da 'yarta. Zogalen da ke jikin danga na tsige shi tas, na dafa ba kanwa. Kunun gyaɗa ya hau gadon kunun kanwa. Tsofaffin unguwa suka yi ta taɓe baki, na ce su taɓe.

Sai wata safiya na kwance wa jaririya ƙyalle, na ga fitsari ɗorawa shar, har yana ƙyalli. Na ce shawara ta dawo. Ko mayafi ban gyara ba na tare ɗan acaɓa, ga ni ga Rabi ga jaririya, ƙyallen a hannuna kamar tuta. Na shiga ina cewa, "Sista, ta dawo!" Ta duba idon yarinya, fari tas. Ta duba ƙyalle. Ta dafa bango don dariya.

"Iya, maganin ne! Launinsa ke nan. Jiki ya ɗauki abin da yake so, ya zubar da saura. Kawo ta nan tun da kun zo."

Ta ɗora ta a sikeli. Allurar nan da ta ƙi motsi tun dawowarmu, ta gusa. Ta buɗe bakinta, tsagar ta fara haɗewa. Ta ce, "Wa ya yanka rago?" Na ce, "Malam da kansa." Rabi da ba ta magana, ranar har waƙa ta yi a kan babur.

Daga nan sai gaba. Harshe ya dawo irin na mutane. Ta kama nono kamar mai rama bashi, har uwar tana cewa wash. Wuyan hannu ya fara yin zobe. Zabi suka soma ƙwai da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ga Malam da su cike da hula, ya ce a dafa wa Rabi. Wata maƙwabciya ta ce, "Malam, ƙwai ga mai shayarwa? Ai ɗa sata yake yi." Ya ce, "Ta rayu dai. In ta ga dama ta sace rumbun gaba ɗaya, ni zan riƙe mata tsani."

Ruwan farko da yamma ya zo. Iska ta taso, ta ɗaga tabarmi, muka bi kauɗa da gudu muna kwashewa. Sai ƙamshin ƙasa. Sai ɗigo manya-manya a kan kwano. Aka yi wata tsawa da ta girgiza ƙofa, sai muka ji wani ihu daga ɗakin Rabi, ihu mai ƙarfi, mai fushi, wanda ya keta ƙarar ruwa ya fito har zaure. Muka tsaya cak da tabarmi a hannu. Malam ya shigo jiƙe sharkaf ya ce, "Ɗan wa ke kuka haka?"

Na ce, "Mudunka ne ya cika."

Ya tsaya a tsakiyar ruwan nan, tsoho da furfura, yana dariya, ruwa yana bin gemunsa. Bai shiga ɗaki ba sai da ta yi shiru.

Yau kanal yana nan, tumatir yana nan, har yanzu wata shekara ya yi daraja wata shekara a zubar. Waya kuwa har a hannun masu tallar gyaɗa. Ragon da na ce muku yana kuka a gindin dalbejiya, na ɗan 'Yar Mudu ne. Ta sauka a ɗakin nan da uwarta ta yi jego, wata tara cif, yaro kamar tulu. Mijinta ya kawo ragon nan ya ɗaure, don na roƙa a yi sunan a gidan Malam. Ita kuwa sai ta sunkuya take shiga ƙofar ɗakina.

Ɗazu ta ɗaga labule ta ce, "Iya, kin sake ɗauko labarin mudun nan ko? Kowa fa ya haddace."

Na ce, "Koma ki shanye nononki, kuma ki rufe ƙwaryar, rana na shiga."

Wannan ragon ba zai jira kowa ba. Ranar bakwai da hantsi zai kwanta. Na riga na sa an kai min kujerata inda mahauci zai zauna.